LEDA BA KYAUTA BA CE

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, masu rumfa da masu tebur da masu talla, mun gode da kuka bar ciniki kuka zo. Mun san ɗan kasuwa in ya yi nesa da kayansa hankalinsa ba ya kwanciya, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta leda da roba. Watakila wani ya ce a ransa, duk abin da ke damun talaka, ga tsadar hatsi, ga kuɗin makaranta, ga na asibiti, a rasa abin da za a tara mu a kai sai leda? To, a yi haƙuri a saurara. Kowa a nan in ya sayi kayan miya sai a ƙulla masa a leda, ya ce a ƙara masa ɗaya kada ta fashe, a ƙara. Ba mai lissafa ta. Mai saye yana ganin kyauta ce. Mai sayarwa ya san saye ya yi, amma yana ganin kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Abin da mu ke so mu nuna muku shi ne, ledar nan tana da tsada ƙwarai, sai dai an rarraba biyan kuɗinta kashi-kashi an ɓoye, yadda wanda ya ci ribar ba shi ke biya ba. Za mu bi ta tun daga inda a ke haƙo ta har inda ta ke ƙarewa, in ma tana ƙarewa, ku ga wanda ke biya a kowane zango.

Dattawan da ke zaune a gaban nan sun san zamanin da babu ita. Goro yana zuwa a huhu, an naɗe shi da ganye. Nono a ƙwarya, ruwa a tulu da randa, mai a kwalba, hatsi a taiki, tuwo a akushi, cefane a kwando an rufe da faifai. In ƙwarya ta fashe a ɗinke ta, in ta ƙi ɗinkuwa a jefar, kafin damina biyu ƙasa ta cinye abinta. Robar kanti baƙuwa ce a duniya duka. A 1907 wani mutumin Beljiyam da ke zaune a Amurka, Leo Baekeland, ya haɗa irin ta farko. Irin wadda a ke yin leda da ita kuwa, mai suna foliyetilin, a 1933 aka gano ta a wani kamfani a Ingila, bisa tsautsayi ma, ba ita a ke nema ba. Jakar ledar nan mai hannu biyu a ƙasar Suwidin aka ƙago ta, aka yi mata rajista a 1965. A 1950 duk robar da duniya ta yi tan miliyan 2 ce. A 2019 an yi tan miliyan 460. Ku lissafa, ninki 230 ke nan, a cikin rayuwar mutum guda.

Da me a ke yin ta? Kusan dukkanta da man fetur da iskar gas a ke yi. Watau ledar da ke hannunka 'yar'uwar kananzir ce, uwarsu ɗaya. Shi ya sa in ka kusantar da ita ga wuta ta ke narkewa ta kama ci. To, ga zango na farko, bakin rijiyar mai, kuma ba sai mun tafi nesa ba. A 1956 aka sami mai a Oloibiri. A 2011 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar da rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni. A wani gari, Nisisioken Ogale, ta tarad da mutane suna shan ruwan rijiya wanda gubar benzin da ke cikinsa ta ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade sau 900, saboda man da ya malala daga bututu ya shiga ƙasa. Benzin kuwa sananne ne wajen jawo ciwon dajin jini. Rahoton ya ce gyaran wannan ƙasa zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Masunta ne da manoma, talakawa irinmu. Ba wanda ya sa kuɗin rijiyarsu cikin farashin leda.

A can Amurka ma, inda a ke zaton kowa a cikin daɗi ya ke, akwai wani yanki a jihar Luwiziyana, a bakin kogin Misisifi, wajen mil 85, cike da masana'antun mai da roba. Mutanen wurin suna kiransa Lungun Ciwon Daji. Mafi yawan waɗanda ke maƙwabtaka da hayaƙin baƙar fata ne marasa ƙarfi. Mai masana'anta ba ya gina gidansa a jikin katangar masana'antarsa, ko a can ko a nan. A 1974 kuma, a birnin Luwisbil, aka gane wani irin ciwon dajin hanta da ba a cika gani ba yana kama ma'aikatan da ke shaƙar binil kulorayid, watau sinadarin da a ke yin robar bututun ruwa da rigar wayar lantarki da shi. Sai da ma'aikata suka mutu kana aka ƙarfafa doka.

Daga matatar a ke fito da robar tana ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa, a zuba a buhu. Ana yin irin wannan a Eleme kusa da Fatakwal, matatar Dangote da ke Ikko ita ma ta soma a 2025, sauran kuma daga ƙasashen waje a ke shigo da ita. Ita ce motoci ke kawowa Sharaɗa da Bompai da Challawa, a narka, a hura ta zama leda, ko a zuba a ma'auni ta zama bokiti da buta da silifa. 'Ya'yanmu ne ke tsaye a bakin injin nan dare da rana. Wanda ya ke da ɗa a irin wannan aiki ya tambaye shi in ya komo gida: an ba ka abin rufe hanci? Akwai taga a ɗakin? In ka kamu da tari wa ke biyan magani?

Yanzu bari mu faɗi gaskiyar da ke gefe guda, don kada a ce mun zo da son zuciya. Roba ta yi wa talaka rana. Sirinjin da a ke yi wa yaro allura sau ɗaya a jefar ya hana cututtuka da yawa bin jini. Gidan sauro roba ne. Ledar ƙarin ruwa da ta ƙarin jini roba ce. Jarka ta fi tulu sauƙin ɗauka, yarinyar da ke zuwa rijiya ta san haka. Buhun nan mai leda a ciki da a ke ajiye wake ya sa manomi ba sai ya zuba wa abincinsa maganin ƙwari ba. Bututun da ya shekara talatin a ƙasa yana kai ruwa ba shi ne abokin faɗanmu ba. Abokin faɗanmu shi ne abin da a ke yi don a yi aiki da shi na minti goma, sa'an nan ya zauna a ƙasa har jikokinmu su tarad da shi. Wajen kashi 40 cikin 100 na sharar roba a duniya irin wannan ce, ta ƙunshe kaya kawai.

Zango na biyu shi ne tukunya, a nan za mu ɗan daɗe, don ya shafi iyayenmu mata da masu sayar da abinci. Roba ba abu guda ba ce. Ana zuba mata magunguna iri-iri, wani don ta yi laushi, wani don launi, wani don kada rana ta cinye ta, wani don kada ta kama wuta. A 2024 waɗansu masana na ƙasashen Turai suka lissafa sinadaran da a ke samu a roba, suka sami fiye da 16,000, a cikinsu fiye da 4,200 an san suna da haɗari ga mutum ko ƙasa. Ba a manne su ke ƙam a jikin robar ba, suna iya fita su shiga abin da aka zuba. Abu biyu ke gaggauta fitarsu: zafi da maiƙo. To, jama'a, me mu ke zubawa a leda? Koko da zafinsa, alala a dafa ta cikin leda har ta nuna, tuwo a kwashe shi daga wuta a naɗe, awara da ƙosai daga cikin mai. Zafi da maiƙo ke nan, an haɗa su wuri ɗaya, kowace safiya, ga yara ƙanana.

Ba za mu ce muku wanda ya sha koko a leda yau zai kwanta gobe ba, wannan ƙarya ce, kuma kun sha ba ku kwanta ba. Farar leda sabuwa ma tana cikin masu dama-dama. Abin tsoro shi ne kaɗan-kaɗan na shekara da shekaru. Akwai wani sinadari da a ke kira BPA, wanda in ya shiga jiki ya kan kwaikwayi sinadaran da ke tafiyar da girma da haihuwa. Ƙasashen Turai sun hana sa shi a bulumbotin jarirai tun 2011, a ƙarshen 2024 kuma suka zartar da hana shi a duk abin da ke taɓa abinci. Su da ke da ɗakunan gwaji sun ga abin da ya ishe su. Mu wa ya gwada mana bulumbotin da ke kan teburinmu?

Baƙar leda ta fi muni, don yawanci da tarkacen roba a ke yin ta, wanda aka tsinto daga bola aka narka, baƙin launin ya rufe asiri. Ba wanda zai iya gaya maka abin da robar nan ta taɓa ɗauka a rayuwarta ta farko. Ta ɗaukar takalmi ce da sabulu, ba ta tsire da zafinsa ba. Haka nan farin mazubin nan mara nauyi mai kama da soso, da a ke zuba shinkafa da miya. Sinadarin da a ke yin sa da shi, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin waɗanda a ke kyautata zaton suna jawo cutar. Wanda ya fi su duka saurin kisa kuwa shi ne galan ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko maganin ɓera, a ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Roba tana shan abin da aka zuba mata, ɗauraya ba ta fitar da shi. Duk mai sayar da tsofaffin jarkoki da ke nan, muna roƙonsa ya huda gindin irin waɗannan kafin su bar hannunsa.

Ga wata 'yar dabara da za ta amfane ku wajen sari. Ku juya gindin roba, sau da yawa za ku ga alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo, ta abin sanyi ce, kada a zuba mata kunu da zafi, kada a bar ta a rana. Lamba 5 ita ta fi jure zafi. Lamba 3 da 6 da 7 a nisantar da su daga abinci mai zafi. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, maƙerinta bai so ka sani ba.

Roba ba ta ruɓewa yadda ganye ke ruɓewa. Rana ta kan gasa ta, ta dagargaje, ta zama gari, har ta kai ƙanƙantar da ido ba ya gani, amma tana nan roba. A 2022 a ƙasar Holan aka gwada jinin mutum 22, aka sami garin roba a jinin 17. A 2024 likitoci a Italiya suka ba da labarin mutum 257 da aka yi wa aiki a jijiyar wuya. An sami roba a kitsen da aka ciro daga jijiyar fiye da rabinsu, kuma cikin kusan shekara uku da suka biyo baya, waɗannan sun fi sauran gamuwa da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, ninki huɗu da rabi. Likitocin da kansu sun ce wannan bai zama hujjar cewa robar ce ta jawo ba, ana kan bincike. Mun ji. Amma wanda aka ce masa watakila akwai maciji a ɗakinsa ba ya jiran a tabbatar kafin ya ɗauko fitila.

Zango na uku, an gama da ita an yar. Ina ta ke zuwa? A 2019, cikin sharar roba ta duniya duka, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake narkawa aka yi wani abu. Kashi 22 an watsar ne a fili, ko an ƙona a bola, ko ruwa ya tafi da ita. A garuruwanmu ba sai an kawo lissafi ba, a leƙa lambatu. A leƙa Jakara. Ledar ruwa da gora su taru a bakin kwalbati, yashi ya hau kai, su zama kamar an yi gini. Ruwa ya kwanta ya yi wari, sauro ya samu gida, ƙuda ya samu, in damina ta yi ƙarfi ruwan ya haɗu da na masai ya shiga rijiya, amai da gudawa su biyo baya. A watan Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na miliyoyin naira. An yi gine-gine a kan hanyar ruwa, ragowar hanyar kuma shara ta toshe. Waɗansu da abin ya shafa suna zaune a nan. A Akra ta ƙasar Gana, daren 3 ga Yuni 2015, ruwa ya cika gari don magudanai sun toshe, mutane suka fake a wani gidan mai, fetur ya bi kan ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. Ƙasar Bangaladash ita ta fara hana leda a duniya, a 2002, bayan ta ga yadda ta toshe mata magudanai a ambaliyar 1988 da 1998.

Sai dabbobi. A nan mahauta sun fi mu sani, su ke buɗe tumbi. Leda tana ɗauke da ƙanshin abinci da gishiri, akuya ta haɗiye, saniya ta haɗiye. Ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta dunƙule da igiya da tsumma ta cika tumbi. Dabba ta ji ciki a cike, ta daina cin kirki, ta rame, nono ya ƙafe, ciki kuwa a kumbure. Mai ita ya yi zaton tsutsa ce, ya yi ta sayen magani, har ta faɗi. A 2013, lokacin da ƙasar Muritaniya ta hana leda, wani jami'in ma'aikatar muhallinsu ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a babban birninsu leda ce ke kashe su. Ku tuna akuya ita ce bankin matar karkara da ta birni. Ita za a sayar ranar da yaro ya kwanta, ita ce kayan ɗakin 'ya. In ta mutu da leda a ciki, wannan baiwar Allah ta biya kuɗin ledar unguwa duka, ba ta kuwa sami ko rasit ba.

Gona ma ba ta tsira ba. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suna zuwa da jakuna su kwashi sharar birni su kai gona, toka ce da kashin awaki da ragowar abinci, taki mai kyau. Yau a duba mangalar, leda ta yi mata yawa. Sai an sa yara sun tsince, abin da ya kuɓuce ya shige ƙasa, ya tare ruwa, ya tare saiwa, fartanya ta yi ta tono shi shekara bayan shekara.

To, in an gaji da ganinta sai a ce a cinna mata wuta. Wannan shi ne mafi sharri, kuma mu da kanmu mu ke yi. Uwargida za ta hura gawayi, babu kananzir, sai ta kunna leda ta ɗiga a kai, ta sunkuya tana fifita, goyo a bayanta. Mai shayi haka, mai gashi haka. A waɗansu mayanka da tsohuwar taya da roba a ke babbake kai da ƙafa da ganda. Hayaƙin roba yana da baƙin toka mai shiga can cikin huhu. In kuma akwai mai lamba 3 a ciki, ko sharar a gauraye ta ke, ya kan fitar da wata guba mai suna dayoksin, wadda aka tabbatar mafi ƙarfin irinta tana jawo ciwon daji. Ita ba ta tafiya da iska ta ɓace. Ta kan sauka a ƙasa, kaza ta tsattsaga, ta taru a kitse da ƙwai da nono. A 2019 aka gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie a Akra, inda samari, da yawansu 'yan arewacin Gana, su ke ƙona wayar lantarki su ciri jan ƙarfe, kafin a rushe wurin a 2021. Aka tarad wanda ya ci ƙwai ɗaya ya haɗiyi dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana. Kajinmu ma a bola su ke kiwo. Iyayenmu mata, don Allah a nemi kara ko ɓawon gyaɗa ko tsinke a hura wuta.

Za a ce ai ana sake narkawa. Ana yi, kuma 'yan bola jari da ke yawo da buhu cikin rana, ba safar hannu ba takalmin kirki, su ke yi wa gari aikin da hukuma ta gaza. Amma su gora su ke tsinta, da fasasshen baho da silifa, abin da ke da nauyi a sikeli. Siririyar leda ba ta da nauyi, ga datti, wanda ya wuni yana tara ta ba zai ci abinci ba. Kuma duk narkawa ɗaya ingancin robar raguwa ya ke yi. Turawa da kansu ba su iya da tasu ba, shekaru suna loda ta a jirgin ruwa suna kai wa ƙasar Sin, har Sin ta rufe ƙofa a farkon 2018, suka shiga neman wasu ƙasashe. Mu da muka ga yadda aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 ya kamata mu sa ido a tashoshin jirginmu.

Yanzu ga inda maganar ta zo kan rumfarku. Duk lokacin da masu mulki suka farka, abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne a hana, a kama, a ci tara. A 2019 Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙuduri, wanda ya ce mai kantin da ya ba da leda za a ci shi tarar naira 500,000, ko ɗaurin shekara uku. Bai zama doka ba, amma ku dubi inda aka auna sandar: kan mai tebur. Mai kayan miyar da jarinta duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na tarar ba, ita za a kama. Jihar Ikko ta hana farin mazubin nan a Janairu 2024, ta soma tilasta hana siririyar leda a Yuli 2025. Abin da ya faru a Ikko ba ya daɗewa bai iso nan ba, gara mu shirya maganarmu tun yanzu.

Ba mu ce hani ba ya aiki ba. Ruwanda ta hana a 2008, ta tsare iyakarta da filin jirginta, babban birninta ya yi tsaf. Kenya ta hana a 2017. Amma maƙwabtanmu Nijar sun yi tasu dokar tun 2014, waɗanda ke zuwa Maraɗi da Damagaram a cikinku su faɗa mana ko sun rasa leda a kasuwa. Dokar da ba ta tsaya a ƙofar masana'anta da bakin iyaka ba, kuma ba ta ba mutane abin da za su riƙe a madadi ba, ba ta hana kome, sai dai ta buɗe wa ɗan sanda da ma'aikacin hukuma sabuwar hanyar karɓar na goro. Kada kuma a ruɗe mu da jakar takarda. Hukumar muhalli ta Ingila ta yi lissafi a 2011, ta ga wajen hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an yi aiki da jakar takarda sau 3, ta auduga sau 131, kafin su fi leda ɗaya. Mu da hamada ke bi, ina itacen takarda? Abin da ya fi shi ne wanda za a yi ta komawa da shi kasuwa, kwando ne, buhu ne, kwano mai murfi ne, ko ma jakar roba mai kauri.

Abin da mu ke nema shi ne wanda ya yi leda ya ci riba, shi ya ɗauki kuɗin kwashe ta. Wannan ba sabon abu ba ne. Kun tuna kwalbar lemo, ba ka tafiya da ita sai ka ajiye kuɗin kwalba, motar kamfani ta zo ta kwashe, a wanke a sake cikawa. Wa ya taɓa ganin kwalba ta toshe lambatu? Da kamfanoni suka koma gorar roba sun huta da mota da wanki, suka bar mana aikin. Jamus ta sa kuɗin ajiya a kan gorar roba tun 2003, yau wajen 98 cikin 100 suna komawa. A nan ma hukumar NESREA tana da tsari tun 2014 wanda ya ɗora wa masu masana'anta alhakin sharar kayansu. A fito da shi daga takarda. In gora da ledar ruwa suna da kuɗi a wurin karɓa, ɗan bola jari zai sami abin kirki, lambatu kuma zai wanke kansa.

Ledar ruwa kuwa, a tambayi dalilin zuwanta. Ta bazu ne daga shekarun 1990, sa'ad da famfo ya ƙafe. Wanda ya hana ta bai gyara famfo ba ya tura talaka ga ruwan kududdufi. A sa famfo mai ruwa a kowane layi na kasuwa, a ga ko cinikinta ba zai ragu da kansa ba. Haka nan kuɗin shara da a ke karɓa a hannunmu, muna so a gaya mana mota nawa suka saya, ranar wace ta ke zuwa. In kuma za a kawo hani, a fara daga masana'anta da masu shigowa da ita, a ba ɗan kasuwa wa'adi ya sayar da abin da ya riga ya sara, a zauna da shugabanninmu kafin a sa hannu.

Kada ku zaci manyan duniya za su yanke mana wannan da wuri. A Maris 2022 ƙasashe 175 suka taru a Nairobi suka yarda za a rubuta yarjejeniya a kan roba. Aka zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, aka tashi ba a daidaita ba. Aka koma Janiba a Agusta 2025, haka aka watse. Ƙasashe wajen ɗari suna so a rage yawan robar da a ke yi tun daga tushe, manyan masu sayar da mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran suka ce a'a, a tsaya ga maganar shara kawai. Watau a bar famfo a buɗe, a ba mu tsintsiya.

Saboda haka ga aikin da muka ɗauka na mako mai zuwa. Kowane layi, shugabansa ya rubuta ɗaurin leda nawa 'yan layinsa ke saye a mako, da kuɗin shara nawa su ke biya, da ranar ƙarshe da suka ga motar shara. Masu abinci su gwada rage wani abu kaɗan ga duk wanda ya zo da kwanonsa, su gaya mana yadda cinikin ya kasance. Mahauta kuma, duk ledar da aka ciro daga tumbi daga gobe har kwana bakwai kada a zubar, a wanke a shanya a tara a buhu. Sarkin fawa ya riga ya yi alkawarin sikeli. Da buhun nan da takardun nan za mu shiga ofishin hukumar kasuwa, mu ajiye su a kan tebur. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata da ke can baya.